Kafaffiyar giya ko giya ɗaya: amsoshi ga masu haɗa keke da hannunsu

Tambayoyin wannan karon duk sun taru a kan keken da ba shi da abin canza giya. Iri biyu ne, kuma ana yawan ɗaukar su abu ɗaya. Akwai mai giya ɗaya da firiwil, wanda idan ka daina taka feda yake ci gaba da gangarawa ƙafarka tana hutawa. Akwai kuma mai kafaffiyar giya, wanda mahayansa ke kira fiksi. Shi faifan bayansa, wato ƙaramin faifai mai haƙora da sarƙa take hawa, a ɗaure yake da cibiyar taya, muddin taya tana juyawa feda ma tana juyawa, ka taka gaba ya yi gaba, ka taka baya ya yi baya. Na haɗa iri biyun da hannuna, na daɗe ina hawan su, kuma abin da ya sa nake ƙaunar su shi ne ya sa nake tsananta magana a kansu: kayansu kaɗan ne, don haka duk wanda ya saki a cikinsu babu na biyun da zai riƙe ka.

Assalamu alaikum Malam. Na gaji wani tsohon keken tsere na ƙarfe daga kawuna, giyoyinsa duk sun lalace. Ina so in cire su in mayar da shi fiksi, amma abokina ya ce in bar wahala in sayi sabo haɗaɗɗe. Wanne ya fi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kawu. Kafin ka sayi ko noti ɗaya, kifa keken, ka cire tayar baya, ka dubi tsagar da sandar taya take shiga. Amsar tambayarka tana wurin. Idan tsagar doguwa ce, a kwance, har sandar tana iya matsawa gaba da baya kamar santimita biyu, to ka yi dace. Idan gajeriya ce tana kallon ƙasa, sandar tana shiga ta zauna wuri ɗaya, to wannan firam bai dace da fiksi ba.

Dalili shi ne, a keke mai giyoyi abin canza giya ne yake jan sarƙa ya hana ta yin sako-sako. Da ka cire shi, hanyar da ta rage ta ɗame sarƙa ita ce ka ja tayar baya har sarƙar ta miƙe, sannan ka ɗaure. Akwai wata 'yar na'ura mai sifirin da ake maƙalawa ta danne sarƙa, tana kuma yin aiki sosai a keke mai firiwil. A fiksi ba ta da amfani. Duk lokacin da ka tokare feda don rage gudu, ɓangaren sarƙa na ƙasa ne yake ɗamewa da dukan nauyinka, zai lanƙwashe na'urar ko ya karya ta. Akwai cibiyar taya ta musamman wadda sandarta ba ta tsakiya, kamar ENO ta kamfanin White Industries, ana juya ta don a ɗame sarƙa, amma ba kowane tsohon firam ya cancanci a kashe masa wannan kuɗin ba. Idan tsagarka gajeriya ce, yi masa giya ɗaya da firiwil, ka sa na'urar, ka hau abinka da kwanciyar hankali.

Idan tsaga ta yi, sai awo. Auna tazarar da ke tsakanin tsagogin biyu daga ciki. Cibiyar tayar fiksi yawanci milimita 120 ce. Tsofaffin kekunan tsere masu giya biyar a baya su ma 120 ne, masu shida ko bakwai 126, waɗanda suka biyo bayansu 130. Idan naka 126 ne, a ƙara wa sandar zobba na milimita 3 kowane gefe, magana ta ƙare. Firam na ƙarfe yana jure a matse shi ko a buɗa shi kaɗan, amma kada ka kuskura ka yi wa na alminiyam ko na kabon haka, tsagewa suke yi.

Dubi rubutun da ke jikin tsohuwar taya kuma. Tsofaffin kekuna da yawa an yi su ne da wili mai inci 27, wanda faɗinsa milimita 630 ne, sabbin wili na 700C kuwa 622 ne. Bambancin ƙanƙane ne, amma yana nufin robar birki sai ta sauko ƙasa da milimita 4 kafin ta kama wilin. Ka duba ko birkinka yana da wannan sararin. Sannan idan keken ƙirar Faransa ne na shekarun 1970, irin su Peugeot ko Motobécane, ka shirya haƙuri, domin tiredinsu, wato zanen da ake murɗa noti a kai, da awonsu daban ne. Wuyan kan keke nasu milimita 22.0 ne maimakon 22.2 da aka saba, gindin feda ma, wato inda sandar da ke juya fedoji take zaune a firam, tiredinsa nasu ne su kaɗai. A irin wannan keke duk abin da bai lalace ba ka wanke shi, ka sa masa giris, ka mayar.

Abu na ƙarshe, lafiyar ƙarfen kansa. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuyan keke zuwa gindin feda, dab da wuyan. In ka ji tudu ko ka ga fenti ya tattare, keken ya taɓa cin karo ta gaba, kuma ba na ba da shawarar a gina komai a kansa. Ka gwada zare sandar sirdi ma, domin wadda tsatsa ta kama shekara da shekaru tana iya cinye maka mako guda.

In duk ya tsallake waɗannan, kuma tsayinsa daidai da kai ne, ni na fi son ka gina shi. Abin da za ka saya bai wuce tayar baya, faifai, zoben kulle da sarƙa ba, ka ga za ka iya zaɓar masu kyau. Sabon haɗaɗɗe mai araha yakan zo da firam na ƙarfe mai nauyi da cibiyar taya mai taushin tiredi, an zuba kuɗin a fenti. In har sabon za ka saya, nemi wanda aka rubuta ƙarfensa kuromoli ne, mai lamba 4130.

Malam, ina zuwa aiki da keke, tafiyar kamar kilomita 7 ce, akwai cunkoso. Na gaji da gyaran giya. Ban taɓa hawan fiksi ba, amma yana burge ni. In saye shi ko in tsaya ga mai firiwil?

Malama, ba dole ne ki zaɓa yau ba. Ki nemi keken da cibiyar tayar bayansa ke da tiredi gefe biyu, ɗaya na firiwil, ɗaya na kafaffen faifai. Duk ranar da kika so canji, a kwance noti biyu da sifana mai lamba 15, a juya tayar, a mayar. Tsohuwar dabara ce. Masu tseren Tour de France, babban tseren keke na Faransa, haka suka riƙa yi, su sauka a gindin dutse su juya taya don samun giya mai sauƙi, har zuwa 1937 da aka yarda su yi amfani da abin canza giya.

Ki fara da gefen firiwil, da birki biyu, gaba da baya. Wannan kaɗai ya raba ki da gyaran da kika gaji da shi. Idan kin saba da keken, ki juya tayar ranar hutu, ki je fili inda babu motoci. Abin da yake kama kowa a kwanakin farko shi ne mantuwa: za ki ga rami ko kwana, ƙafa ta tsaya da kanta kamar yadda ta saba, sai feda ta ɗaga ki daga sirdi. Bayan mako ɗaya ko biyu jiki yana koya. Daga nan ne za ki ji abin da ake yabo, yadda ƙafa take jin taya kai tsaye, yadda ake rage gudu cikin cunkoso ba tare da an taɓa birki ba, yadda ake gane taya ta fara santsi tun kafin ta zame.

Abu biyu ba na sassautawa a kansu. Fiksi yana buƙatar abin da zai riƙe ƙafa a kan feda, ko maɗauri ko takalmi mai maƙalewa, domin idan ƙafa ta zame a gangara, feda za ta ci gaba da juyawa tana dukan ƙwauri, mayar da ƙafar kuma ba sauƙi. Na biyu shi ne tufafi. A keke mai firiwil idan bakin riga ko igiyar takalmi ta shiga sarƙa, tsayawa ake yi a ciro. A fiksi sarƙar ba ta tsayawa, za ta ja tufar har ta kayar da mutum. Idan kina hawa da doguwar riga ko wando mai faɗi, ki sa murfin sarƙa, ko kuma ki zauna a gefen firiwil. Babu wata gazawa a cikin hakan, keke mai giya ɗaya cikakken keke ne.

Yaya, zan sayi faifan gaba da na baya. Na ga ana sayar da mai haƙori 52, ina so in haɗa shi da 14 a baya saboda ina son gudu. Ya ka gani?

Ƙanena, 52 da 14 ita ce giyar da Eddy Merckx, shahararren ɗan tseren keke, ya taka a birnin Meziko a 1972, lokacin da ya yi kilomita 49.431 cikin awa ɗaya. A filin tsere ya yi, babu tsayawa, babu tudu, yana juya feda sama da sau 100 a minti. Kai kuwa za ka tashi daga tsaye sau da yawa a kowace tafiya, kuma kowane tashi gwiwarka ce za ta biya.

Ga yadda ake lissafin, ka riƙe shi, zai yi maka amfani har gaba. Raba haƙoran gaba da na baya, abin da ya fito shi ne sau nawa taya take juyawa a zagaye ɗaya na feda. Tayar 700C mai kaurin milimita 25 tana cin kamar mita 2.1 a juyi ɗaya. To 52 a raba da 14 ya ba da 3.7, wato kusan mita 7.8 a kowane taki. Haɗin 48 da 17 yana ba da 2.82, kusan mita 5.9. Haɗin 46 da 17, kusan mita 5.7. Haɗin 44 da 17, kusan mita 5.4. Yanzu ka ɗauka kana juya feda sau 90 a minti, wanda shi ne takin da ƙafa ke jurewa na dogon lokaci. A 48 da 17 kana gudun kilomita 32 a awa, a 44 da 17 kana yin 29. Ka tambayi kanka da gaske, sau nawa kake riƙe kilomita 32 a awa a kan titi na tsawon minti goma? Gudun da kake nema yana cikin saurin juyin ƙafa, kuma ƙaramar giya ce take koya wa ƙafa wannan.

Ita ma ƙaramar giyar tana da iyaka, a gangara ake ganin ta. A 44 da 17, idan gangara ta kai ka kilomita 45 a awa, ƙafarka tana juyawa kusan sau 138 a minti, ko kana so ko ba ka so. Shi ya sa ake neman tsaka-tsaki. Ga hanya mai shimfiɗa, ni 46 da 17 nake fara ba mutum. Idan akwai tuddai, ko kana ɗaukar kaya, 44 da 17 ko 42 da 16. Ka sayi faifan gaba ɗaya, ka yi gwajinka da na baya, domin ya fi araha kuma tasirinsa ya fi yawa: haƙori ɗaya a baya yana canza giya da kusan kashi 6 cikin 100, a gaba kuwa kashi 2 ne kawai. Kowane haƙori da ka ƙara ko ka rage yana matsar da sandar taya kamar milimita 3 a cikin tsaga, don haka sau da yawa ba sai ka taɓa tsawon sarƙa ba.

Ka lura ina ta maimaita 17. Akwai dalili. Idan kana cikin masu kulle ƙafa su ja tayar baya a ƙasa, kullum a wuri ɗaya ƙafarka take tsayawa, lissafin haƙora ne yake yanke ko wuri nawa ne a jikin taya zai riƙa gogar titi. Rubuta haƙoran a matsayin gaba bisa baya, ka rage su iya raguwa, lambar ƙasa ita ce amsar. Haɗin 48 da 16 yana komawa 3 bisa 1, wato wuri ɗaya tak, tayar za ta huje a nan sauran jikinta yana sabo. Haɗin 48 da 18 yana komawa 8 bisa 3, wuri uku. Haɗin 46 da 16, wuri takwas. Shi kuwa 17 babu abin da ke raba shi, don haka wuri 17 yake bayarwa da kowane faifan gaba, in ban da 34 da 51.

Malam, abokaina duk ba su da birki a fiksinsu, da ƙafa suke tsayawa, kuma keken ya fi kyan gani haka. Firam ɗin da nake son saya ma babu hujin birki a fok ɗinsa, ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe tayar gaba. In saya?

Kada ka hau titi da shi haka, ɗan'uwa. Zan faɗa maka dalilin dalla-dalla don ka iya faɗa wa abokanka.

Duk lokacin da keke yake rage gudu, nauyi yana komawa kan tayar gaba, ta baya kuma ta yi sakayau. Tayar da ba ta da nauyi a kanta ba ta kama ƙasa, zamewa take yi. Tsayawa da ƙafa aikin birkin baya ne kawai, komai gwanintar mai yi, domin iyakar abin da zai iya shi ne ya kulle tayar baya. A busasshen titi, birkin gaba mai kyau yana tsayar da keke a kusan rabin tazarar da na baya shi kaɗai yake bukata. Wannan rabin shi ne bambancin tsayawa a gaban yaron da ya fito da gudu da kuma bi ta kansa. Sannan duk ƙarfin tsayawarka ya rataya a kan sarƙa ɗaya da zobe ɗaya. Sarƙa ta faɗi ko ta tsinke a gangara, ba ka da komai.

Kekunan da abokanka suke kwaikwayo na filin tsere ne, wanda da'ira ce mai gangaren gefe, ta gasar Olamfik mita 250 ce. A can kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mai tsallakawa, kuma an hana birki ne da gangan, domin wanda ya taka shi kwatsam zai zubar da na bayansa. Titi ba haka yake ba. Dokar Birtaniya ta lissafa kafaffiyar giya a matsayin birkin baya, amma ta wajabta na gaba. A 2016 wani matashi a Landan ya buge wata mata da keken tsere marar birkin gaba, ta rasu, a 2017 kotu ta yanke masa ɗaurin wata 18. A Japan ma, inda ake ƙera mafi shaharar waɗannan kekuna, doka ta hana hawa titi da su ba birki.

Game da firam ɗin, idan ya kwanta maka a rai, saye shi tare da fok na titi mai huji, ka ajiye na asalin. Akwai kuma birkin da ake ɗaurewa a jikin fok da maɗauri. Kada ka ba wani ya huda maka fok na tsere, ba a ƙera kansa don ɗaukar wannan ƙarfin ba. Ƙaramin hannun birki ɗaya kusa da wuyan keke da gajeriyar waya ba su rage wa keke kyau da komai ba.

Sarƙata tana ƙara, kuma ta faɗi sau biyu. Sannan mai gyara ya ce ba sai na sayi sabuwar taya ba, zai murɗa faifan fiksi a tsohuwar cibiyar firiwil ya sa gam. Hakan ya yi?

Bari in fara da maganar gam, domin ita ce mai haɗari. Cibiyar fiksi ta gaskiya tana da tiredi hawa biyu. Na ciki mai faɗi shi faifai yake hawa, ana ɗaure shi ta dama. Na waje ya fi shi ƙanƙanta, zoben kulle yake hawa, kuma ta hagu ake ɗaure shi. Hikimar ita ce, idan ka tokare feda faifai ya nemi kwancewa, sai ya tura zoben ta inda zoben yake ƙara ɗaurewa. Cibiyar firiwil tiredi ɗaya gare ta, duk abin da aka murɗa a kai hanya ɗaya zai kwance. Gam yana iya riƙewa wata da watanni, ya saki ranar da ka fi matsa masa, wato ranar da kake neman tsayawa da gaggawa.

Na ga irin wannan da kaina, kuma da cibiyar da ke da zobe ma. Na taɓa sayen taya mai araha, ban kula cewa tiredin zoben bai kai ya kawo ba. Ina cikin gangara na tokare feda, sai na ji ƙafata ta tafi babu abin da ya riƙe ta, zoben ya kwashe tiredin gaba ɗaya. Birkin gaba ne ya tsayar da ni. Tun daga ranar, cibiyar baya ce wurin da ba na neman araha. In za ka ɗaura, sa giris a tiredin, ɗaure faifai sosai, ɗaure zobe, ka hau ka taka da ƙarfi a ɗan tudu ba tare da ka tokare baya ba, sannan ka sauka ka sake ɗaure zoben, za ka tarar ya samu sarari. Ka tabbatar zoben na cibiyarka ne, domin na kamfanonin Campagnolo da Phil Wood tiredinsu ya ɗan fi na sauran faɗi.

Ita kuma sarƙa, ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko da nake zargi shi ne faifan gaba da na baya ba sa kan layi ɗaya. Auna daga tsakiyar firam zuwa tsakiyar haƙoran faifan gaba. A yawancin cibiyoyin fiksi faifan baya yana milimita 42 daga tsakiya, na gaba ma haka ya kamata ya zama, kuskuren kada ya wuce milimita ɗaya ko biyu. Idan ƙafar fedar tsohon keke, wato ƙarfen da feda take maƙale a bakinsa, kake amfani da ita, mayar da faifan zuwa gurbin ciki yakan gyara, in bai gyara ba sai a sa gindin feda mai gajeriyar sanda.

Na biyu, ɗamewa. Babu faifan da yake da'ira cif, don haka juya feda a hankali ka nemo inda sarƙa ta fi ɗamewa, a nan ne za ka bar mata wasan kamar santimita ɗaya sama da ƙasa. Wadda ta ɗame ƙam tana cin boris kuma ita ce mai ƙara, mai sako-sako kuma ita ce mai faɗuwa. Na uku, faɗi. Sarƙa iri biyu ce a wannan fanni, mai faɗin 1/8 na inci da mai 3/32. Mai faɗin tana hawa siririn faifai, siririyar ba ta hawa faifai mai kauri. Ka kuma guji faifan da aka ciro daga keke mai giyoyi idan haƙoransa gajeru ne masu sassaƙa, an yi su ne don su saki sarƙa cikin sauƙi.

Ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka goge sarƙar fiksi da tsumma alhali taya tana juyawa. Nauyin tayar yana ci gaba da jan sarƙa, idan ta kama tsumman za ta kai yatsa cikin haƙora, kuma mutane sun rasa kan yatsa ta haka. Tsayar da taya, goge, matsar da hannu, sannan ka juya.

Ina ganin ana tsawwala kuɗin kayan da ke da tambarin NJS. Sun fi sauran inganci ne?

Tambarin na tseren keirin ne na Japan, wani tseren keke da ake yi a filin tsere, wanda aka fara a Kokura a 1948, ya kuma shiga gasar Olamfik a Sidni a 2000. A Japan ana caca a kan tseren, don haka hukuma ta ƙayyade kayan da kowa zai hau, don kada wani ya yi nasara saboda kayan aiki, kada kuma wani abu ya karye a tsakiyar tsere. Ma'anar tambarin ke nan: an amince da wannan kaya a wannan tsere. Kayan suna da kyau ƙwarai, ƙafar feda ta Sugino 75, sarƙar Izumi, fedar MKS, kan keke na Nitto, duk aikin ƙwarai ne. Amma waɗannan kamfanoni suna yin wasu kayan marasa tambari da za su yi maka shekaru. Firam ɗin keirin kuwa babu hujin birki, ba ya ɗaukar taya mai kauri, kuma na hannu da ake sayarwa wasu sun sha faɗuwa. Idan sha'awar tarihin ce, saya da saninka. In don zirga-zirga ne, ba ka bukata. Ka dai lura, ƙafar feda ta tsere tana ɗaukar faifai mai tazarar kusoshi milimita 144, ta titi kuwa 130 ko 110, ba sa shiga juna.

Baba, na tara kuɗi kaɗan don kwalliyar kekena. Ina son wili mai zurfi mai launi, in yanke kan keken ya zama siriri, in sake fenti. Da wanne zan fara?

Ɗana, ina son keke mai kyan gani, ba zan hana ka ba. Amma fara duba lambar da ke bayan ƙafar fedarka. Tsawonta ke nan a milimita. Idan 175 ce ko 172.5, kuma firam ɗin na titi ne, can kuɗin ya kamata ya fara zuwa. A fiksi ba ka da ikon ɗaga feda ta ciki a kwana, tana ci gaba da zagayawa, in ta daki ƙasa sai ta ɗaga tayar baya. Firam na tsere gindin fedarsa a sama yake saboda haka, na titi kuwa a ƙasa. Ƙafar feda mai milimita 165 da siririyar feda suna ba ka sararin da kake bukata. In za ka canza feda da kanka, ta hagu tiredinta a juye yake.

Bayan wannan sai taya. Mafi kaurin da firam zai ɗauka, milimita 28 ko 32 in da hali, ita ce canjin da za ka ji a jikinka tun ranar farko.

Wili mai zurfi yana da ƙarfi, amma yana da nauyi, iskar gefe kuma tana tura shi. Abin dubawa shi ne gefensa. Wasu an shafe su da launi har inda robar birki take kamawa, irin waɗannan birki ba ya ci sosai a kansu, musamman da ruwa. A gaba dai, nemi wanda aka goge gefensa ya fito fari, mai wayoyi 32. Kan keke kuma kada ya fi kafaɗarka ƙanƙanta, in ya fi, numfashi da juyawa duk za su yi maka wuya. Yanke santimita ɗaya kowane gefe, ka hau mako guda, sannan ka ga ko za ka ƙara. Ka auna kaurin tsakiyarsa kafin ka sayi sabo, akwai milimita 25.4, akwai 26.0, akwai 31.8, kuma dole ya dace da wuyan da zai riƙe shi.

Fenti shi ne na ƙarshe, bayan ka hau keken wata biyu ko uku ka tabbatar ba za ka canza fok ko ka cire wani maƙali ba. A kwance komai, a kankare tsatsa har ƙarfe ya fito, a toshe tiredin gindin feda da cikin bututun sirdi da mazaunin boris na wuya kafin a fesa. Fentin gari da ake gasawa a tanda ya fi na gwangwani jure gogayya nesa ba kusa ba. Idan na gwangwanin za ka yi da kanka, shafi siriri sau uku ko huɗu a kan fentin share fage, ka bar shi ya bushe aƙalla mako guda kafin ka ɗaura taya, domin notin baya yana kwashe ɗanyen fenti tun ɗaurin farko.